Daɓen Motar Kawu

Tunda wannan makon layi ya zo kanmu, za mu ja ku zuwa gida, Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, dab da iyakar Nijar, mu ba ku labarin wata tsohuwar mota da ƙafar wani dattijo.

Kawunmu, wan mahaifiyarmu, yana da Landiroba doguwa, samfurin Series III mai lamba 109. An ƙera irinta daga 1971 zuwa 1985, don haka ta girme mu nesa ba kusa ba. Ita ce jakin gidan, ita ce kuma motar asibitin unguwa. Ranar kasuwa ta kwaso gero da wake da riɗi daga ƙauyukan da babu kwalta, inda ƙananan motoci ke kafewa cikin rairayi. Da daddare kuwa, in naƙuda ta tsananta wa wata, ƙofar Kawu ake bugawa.

Aibinta ɗaya, kuma kowa ya san shi: daɓenta zafi gare shi. Kafin a yi tafiyar rabin awa da bazara, inda ake taka ƙafa ya zama tanda. Mata su ɗora ƙafafu bisa buhu, yara su naɗe nasu a kan kujera, silifar roba ta yi laushi har ta riƙa mannewa. Mu samari mun mai da abin raha, muna cewa wanda ya makara bai karya ba ya taho da ƙullinsa a toya masa waina a hanya. Mun ɗauka halinta ne, kamar faɗan tsohuwa, sai haƙuri.

Kawu yana da ciwon suga, kuma kamar direbobi da yawa, ba ya son tuƙi da takalmi, wai ya fi jin totur da tafin ƙafa. Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Daura kan wuce digiri 40, ya kai mara lafiya Daura ta Baure da Zango, ya juyo a ranar. Yana alwalar magariba Inna, uwargidansa, ta hango diddigensa.

"Malam, me ya same ka a ƙafa?"

Ya duba, ga bororo ya tashi kamar ƙwan zabo. Ya ce, "Wallahi ni ban ji komai ba."

Wannan rashin jin shi ne masifar. A asibiti aka yi mana bayani cewa suga in ya daɗe a jiki yakan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka wuta bai sani ba, kuma miki ya ƙi warkewa da wuri. Ƙarfe ba sai ya yi ja ba. In ya kai digiri 50 aka daɗe ana taka shi, ya isa ya dafa fata. Aka gaya wa Kawu ƙiri-ƙiri cewa in ƙunar ta ruɓe, ana iya kaiwa ga yanke ƙafar. Ya kwanta jinya, mota ta koma hannun yaronsa, kuɗin cefane ya ragu.

A nan ne muka ga ranar diflomarmu ta zo. Muka samo kwali da tsohon soson katifa da guntun kafet, muka shimfiɗe daɓen gaba tsaf, muna jin kanmu injiniya. Kwana biyu kowa na sa mana albarka. Kafin mako ya zagayo, wani ƙauri ya fara tashi. Muka raka yaron mota gareji a Daura, wurin wani tsohon bakanike da ya san Landiroba tun tana yayi. Ya ɗaga kafet ɗin, ga kwali ya yi ja-ja-ja, soso ya sha mai ya yi sharkaf. Ya leƙa bayan kujera ya ga jarkar fetur. Tun watan Nuwamba na 2019, da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, yawo da jarka ya zame wa direbobin wajenmu jiki.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Mu ne, Baba."

"To ɗan boko, ka haɗa wa kawunka murhu, ka sa makamashi, ga fetur a gefe. Ashana kawai ta rage. Ka tambayi zafin daga ina yake kafin ka lulluɓe shi?"

Muka yi tsuru-tsuru. Ya miƙo mana buhu ya ce mu shimfiɗa mu shiga ƙarƙashin motar tare da shi. Abin da muka gani a wurin shi ne dalilin wannan rubutu.

Na farko, bututun salansa. A wannan inji mai silinda huɗu, hayaƙi ta hannun hagu yake fita. A Ingila, inda aka tsara motar, direba a dama yake zama. Mu kuwa tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, sitiyarinmu a hagu yake, wato diddigen Kawu a saman bututun yake hutawa. Ƙari a kan haka, wani mai walda ya taɓa yi wa bututun ƙari, ya ɗago shi har ya kusa taɓa daɓen.

Na biyu, giyabos da ƙaramar giyar da ke bayansa, wadda direbobi ke kira agzilari, mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Dukansu a tsakiyar mota suke, murfi kawai ya raba su da ƙafafun mutane. Kowanne da mazubin mansa. Baba ya kwance notin giyabos ya zura yatsa, ya fito a bushe. Haƙoran ƙarfe in suna cin juna babu isasshen mai, zafi suke haifarwa.

Na uku, birkin hannu. A Landiroba ba a tayoyi yake ba. Wani ganga ne a bayan agzilari, yana kama farfela. Namu an ɗaure shi ya wuce kima, yana gugar ganga ko an sake shi. Tafiyar kilomita nawa aka yi da birki a ɗan kame, Allah kaɗai ya sani.

Na huɗu, ramuka. Robobin da ke rufe gindin sandunan giya sun ruɓe tun tuni, kusoshin daɓe da yawa sun zube. Iska mai zafi daga inji ta nan take shigowa, tare da hayaƙin da ke tsiyaya daga gasket ɗin da ya ƙone. A cikin hayaƙin mota akwai iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Sai a lokacin muka tuna yawan fasinjan da ke sauka da ciwon kai, mu ce rana ce.

A saman duk wannan, daɓen kansa alminiyon ne, wanda ke ɗaukar zafi ya watsa shi fiye da baƙin ƙarfe ninki uku ko fiye.

Baba bai fara da shimfiɗa ba. Ya zuba man giya mai lamba 90 a giyabos da agzilari har ya kawo bakin rami. Ya sassauta birkin hannu. Ya sauya gasket, ya sa aka yanke bututun aka mai da shi inda yake tun asali. Ya yanko tsohon tib na taya ya rufe gindin sandunan giya, ya cike ramukan kusoshi. Sannan ya ɗauko fallen alminiyon mai ƙyalli, ya lanƙwasa shi kamar rumfa, ya rataye shi tsakanin bututu da daɓe. Ya jera notina a jikin kusoshin don fallen ya tsaya a sarari, tazarar yatsa biyu daga bututu, yatsa guda daga daɓe, gaba da baya a buɗe.

Muka ce, "Baba, da an manna shi da daɓen ai ya fi ƙarfi."

Ya ce, "Ba fallen ke aikin ba, iskar da ke tsakani ce. Ka taɓa ganin an ɗora rumfa a kan mutum? Sama ake kafa ta, iska ta ratsa."

Kunya ta kama mu, don an koya mana wannan a aji: zafi na tafiya ta taɓawa, yana bin iska, yana kuma dukan abu daga nesa kamar yadda murhu ke dukan fuskar mai jin ɗumi. Mun rubuta shi a jarrabawa mun ci, amma da muka zo gaban motar gidanmu kwali muka ɗauko.

Ya ƙara mana gargaɗi huɗu. Kada a naɗe bututu da tsumma ko buhun algarara, don yana iya kamawa da wuta, da damina kuma ya riƙe laima ya cinye ƙarfen. Kada a sa guntun silin asbesto, ƙurarsa na lalata huhu. In an fito daga rairayi aka hau kwalta, a cire giyar da ke jan taya huɗu, don barin ta yana wahalar da agzilari. In an ratsa daji da kaka, a leƙa ƙasa a cire busasshiyar ciyawar da ta maƙale a salansa. Bayan duk wannan ne ya yarda a sa tabarmar roba mai kauri, wadda za a iya ɗagawa a duba.

A hanyar komawa, da muka iso Baure, muka sa tafin hannu a daɓen direba. Da ɗumi, ba za mu ce ya yi sanyi ba, amma hannu ya zauna har muka gaji muka ɗauke.

Ƙafar Kawu ta ɗauki wata uku kafin ta rufe, ta bar tabo. Yanzu da takalmi sau-ciki yake tuƙi, yana mita. Jarka ta koma can baya. Kowane dare Inna kan haska masa tafin ƙafa da tocila kafin ya kwanta, yana cewa ta mai da shi jariri.

Abin da ke ci mana rai har yau shi ne shekarun da muka yi muna dariya. A kan daɓen nan aka riƙa kwantar da masu naƙuda da tabarma ɗaya tal, suna shaƙar wannan hayaƙi har Daura, mu kuwa muna zancen waina.

Don haka 'yan'uwa, wanda gidansu ke da irin waɗannan tsofaffin motocin daji, Landiroba ce ko Land Cruiser ko Hilux, ya sa hannu a daɓen bayan doguwar tafiya. In hannu ya kasa zama, a shiga ƙarƙashi a nemo dalili. In kuma direban dattijo ne mai suga, a daure a ce, "Baba, mu ga ƙafarka."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare matafiya. Muna jiran gyaranku kamar kullum.