Dare ɗaya a Ɗandume: wa ke gadin sararin sama?

Duk wanda ya bar Funtuwa ya nufi Ɗandume da kaka, abin da zai fara cika masa ido shi ne buhunan masara da dawa. Ni ma hatsi ne ya kai ni gidan kawuna. Amma abin da na dawo da shi a zuciya ba a ƙasa na gan shi ba.

Bayan sallar isha'i babu wuta, garin ya yi tsit. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ɗan kawuna, ɗan ajin ƙarshe a sakandare, ya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, tarin taurarin da a Kano fitilu suke dusashe mana. Can sai wani haske ya keta sama ya ɓace.

"Yaya, ka gani?" in ji shi.

Kafin in ɗaga waya ya wuce. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ai sama ba ta jiran mai waya."

Ɗalibai, kun san yankin nan yana da suna a kimiyyar duniya? Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da Zagami, wajen Faskari, arewa da Ɗandume, sai ya ji ƙara, dutse ya faɗo dab da shi ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa kusan kilo 18. Daga baya masana suka gano daga duniyar Mars ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a can a 1976. Babu kyamarar da ta ɗauki faɗowarsa.

Yau an sami sauƙi. Masu sha'awar taurari a ƙasashe da dama suna kafa kyamara mai gani cikin duhu a kan rufi, su haɗa ta da 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Da magariba ta fara aiki da kanta, da asuba ta tsaya, manhaja ta ware hoton duk hasken da ya gifta. Idan kyamarori biyu a garuruwa daban suka kama haske guda, lissafin kusurwa zai nuna hanyar da ya biyo. A Ingila, irin waɗannan kyamarori sun ɗauki dutsen Winchcombe da ya faɗo ranar 28 ga Fabrairu, 2021, har aka gano daga inda ya taso.

Mu dai da waya muka gwada. Muka jingina ta da turmi, fuskarta sama, muka sa ta ɗaukar hoton dare. Darasi uku muka koya. Na ɗaya, motsi kaɗan yana ɓata hoto. Na biyu, raɓa da ƙura suna rufe gilashi, sai an yi murfi mai haske ana gogewa. Na uku, batir ya mutu tun kafin ƙarfe biyu, don haka sai da sola.

Kowa ya san halin rashin tsaro da yankin nan ya shiga. Ba uban da zai bar ɗansa ya kwana a fili don kallon taurari. A nan amfanin kyamarar yake: ita ta kwana a waje, ɗalibi ya duba da safe.

Ƙungiyar kimiyya ta makarantarku za ta iya farawa da waya ɗaya da littafin rubuta lokaci. Daren 13 da 14 ga Disamba kowace shekara irin wannan haske yana yawaita, in hazo bai yi kauri ba. Ɗan kawuna ya riga ya rubuta ranar a bangon ɗakinsa da gawayi.