Zamanin da Muke Sa wa Sabon Jirgi Zarto

Duk shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu, birnin Nuremberg na ƙasar Jamus yakan cika maƙil saboda baje kolin kayan wasa da ake yi a can tun 1950. 'Yan kasuwa da 'yan jarida kaɗai ake bari su shiga. Mu da muke zuba kuɗinmu a kan kayan kuwa, sai dai mu jira ɗan littafin sababbin kaya ya iso shago. A shekarun da na yi ina karatun injiniya a yankin, na ga dattawa masu furfura, tsofaffin ma'aikatan banki da malaman makaranta da direbobin jirgi, suna jiran wannan ɗan littafi kamar masu duban watan Sallah.

Jiragen ƙasa na wasa suke jira, amma ba ƙananan nan da ake jerawa a kan tebur ba. Waɗannan manya ne, wani kan jirgin ya kai tsawon hannun mutum, sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. A lambu ake shimfiɗa musu dogo, su ratsa ciyawa da duwatsu, ruwa ya dake su, dusar ƙanƙara ta rufe su, gobe su tashi su ci gaba da tafiya. Kamfanin Lehmann na Nuremberg ne ya fito da su a 1968 da sunan LGB, ya fara da wani ɗan guntun kan jirgi mai suna Stainz wanda aka kwaikwayo daga wani jirgin Ostiriya. Faɗin dogonsu milimita 45 ne, kuma daga wannan lamba duk rigimarmu ta samo asali.

Ta hanyar haya na faɗa cikin harkar. Dattijon da nake zaune a saman gidansa, wanda nake kira Baba har ya saba yana amsawa, ya mai da rabin lambunsa tashar jirgi. Matarsa ta riƙe ɗaya rabin don furanni, kuma kan iyakar ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Da ya ji mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Zariya, sai ya ja ni zuwa ɗakin ƙasa inda shi da abokansa suke haɗuwa kowace Juma'a da daddare. Suna shan giyarsu, ni ana ajiye mini ruwan tuffa, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A daren farko aka koya mini lissafin. Dogon da faɗinsa mita ɗaya ne, irin na tsaunukan Suwizalan da na Harz, idan aka rage shi zuwa milimita 45, to dole a rage komai na jirgin sau 22.5. Babban dogon Turai mai milimita 1435 kuwa sau 32 yake buƙata. Amurkawa masu kwaikwayon dogo mai ƙafa uku suna amfani da 20.3, yayin da kamfanoni irin su Aristo-Craft da USA Trains suka zaɓi 29 don jiragensu su cika ido. Dogo ɗaya ne, ma'auni barkatai. Saboda haka duk sabon kan jirgin da ya fito, kafin a tambayi kuɗinsa sai an tambayi da wane ma'auni aka yi shi.

Daren da littafin sababbin kaya ya iso, ba a kunna jirgi ko ɗaya. Akan baje shi a kan teburin aiki, a ture zarto da magagari gefe, kowa ya gyara zaman tabarau. Akwai wanda tun shafin farko zai fara lissafin abin da zai gaya wa matarsa. Akwai wanda kullum ƙorafinsa ɗaya ne, cewa tsohon jirgin bara ne aka sake wa fenti da lamba aka kira shi sabo. Akwai mai cewa an sake mantawa da jiragen garinsu, sai na Suwizalan kawai ake yi. Sannan akwai masu ƙirga ƙusa, jagoransu wani tsohon maƙerin masana'anta da muke kira Mai Ma'auni, domin ba ya rabo da ma'aunin ƙarfe a aljihun riga. Shi ne zai ɗora hoton jirgin gaske kusa da na littafi, ya ce an gajarta tarago, an rage taga ɗaya, fitilar gaba ta yi girma. Baba kuma ya amsa masa cewa in ba a gajarta ba, ta yaya taragon zai sha kwanar da ba ta wuce santimita 60 ba, wadda ita ce a lambun yawancin mutane? Haka za a raba dare, a watse kowa na kan bakansa. Bayan wata uku sai ka ga Mai Ma'auni ya shigo rungume da kwalin jirgin da ya fi kowa kushewa.

Shekarar 2006 ita ce wadda ba na mantawa da ita. A cikinta kamfanin Lehmann ya yi bikin cika shekara 125, a cikinta kuma ya durƙushe saboda bashi. Juma'ar da labarin ya fito, ɗakin ƙasa ya zama zaman makoki. Wasu sun san ma'aikatan masana'antar ido da ido, wasu tun suna samari suke kai jiragensu gyara can. Aka shiga sayen kayan gyara ana ɓoyewa, injina da haƙoran giya da ƙafafu, don ba wanda ya san gobe. A 2007 kamfanin Märklin ya sayi LGB, aikin ƙira ya koma garin Győr na ƙasar Hungary, dattawan suka daɗe suna juya sababbin jirage suna karanta ƙasan ciki kafin su yarda.

A wannan shekara ta 2006 ɗin kuma PIKO na garin Sonneberg ya shigo fagen da kan jirgin lantarki mai suna Taurus, a farashin da ɗalibi irina zai iya tunaninsa. Nan ɗakin ya rabu biyu. Taurus jirgin babban dogo ne, bisa ƙa'ida sau 32 ya kamata a rage shi, amma an yi shi ya fi haka girma don kada ya zama ɗan tsito kusa da taragun LGB. Mai Ma'auni ya ce wannan ma'aunin roba ne, ana ja yana miƙewa. Wani tsohon malamin makaranta ya ce jikansa irin wannan jirgi yake gani a tasha kullum, bai taɓa ganin mai hayaƙi ba, in ana son yara su shigo harkar to ga ƙofa an buɗe. Duka biyun gaskiya suka faɗa, shi ya sa gardamar ba ta mutu ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne abin da ke biyo bayan gardamar. A wurin waɗannan mutane, jirgin da ya fito daga kwali bai zama naka ba tukuna. Na ga mutum ya sayi kan jirgi da kuɗin da ya kai hayata ta wata guda, washegari ya kwance shi kaca-kaca. Za a cusa dalma a cikin tukunya don ƙafafu su kama dogo a hawa. Za a yanke ɗakin direba a sake wani, a cire kwal ɗin roba a niƙa na gaske a manna da gam. Za a kashe ƙyallin sabon fenti, a zana tsatsa inda ruwa ke ɗiga, a shafa baƙin hayaƙi a bayan bututu, har jirgin ya yi kama da wanda ya shekara talatin yana aiki. Dogon tagulla yakan yi datti a waje ya hana wuta wucewa, saboda haka wasu suka cire abin ɗaukar wuta gaba ɗaya, suka ɓoye batir a taragon kwal suna tuƙi da rimot. Wasu suka ce wannan ci baya ne, suka sa 'yar na'urar dijital mai ba kowane jirgi lambarsa da ƙararsa. Can gefe kuma ga masu tururin gaske, da jiragen Regner ko na Roundhouse daga Doncaster ta Ingila, suna zuba ruwa suna kunna gas, suna kallon sauranmu a matsayin masu wasan yara.

Wani dare Baba ya turo mini littafin ya ce, "Ɗana, wanne ne naka a ciki?" Na ce, "Baba, nawa ba ya ciki, kuma ba zai taɓa shiga ba." Ba kamfanin da zai ƙera jirgin Legas zuwa Kano don mutum ɗaya. Ya tambayi faɗin dogonmu, na ce ƙafa uku da inci shida, milimita 1067. Ya ɗauki fensir ya raba, ya ce kusan sau 24 ke nan, kuma hakan ya zauna daram a kan dogon lambunsa. Sai ya miƙo mini zarto.

Abin da nake so shi ne jirgin da ke cikin wani hoton mahaifina, irin waɗanda ake sa wa sunayen koguna, da masana'antar Vulcan ta Ingila ta fara ƙera wa Nijeriya a 1948. Ina yaro na ga ire-irensu a yashe a bayan tashar Zariya, ciyawa ta fito tsakanin ƙafafunsu. Na sayi wani tsohon kan jirgin Bachmann a gwanjo, na cire ƙararrawa da faffaɗan bututun Amurkawa, na yi tukunya da bututun ruwa na roba, na yanka sabon ɗakin direba, na fesa baƙin fenti. Hannun da ya saba fere karan dawa yana haɗa mota da ƙaya bai sha wuya ba.

Ranar da na kawo shi, Mai Ma'auni ya durƙusa ya ƙirga ƙafafu. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Samari, na mahaifinka biyu ne a gaba, takwas masu ja, biyu a baya. Naka huɗu da shida ne." Na ce abin da aljihu ya iya ke nan. Bai ce uffan ba. Bayan 'yan makonni ya dawo da zanen jirgin da ya tono daga wata tsohuwar mujallar Ingila, da gindin tagulla mai gurbin ƙafa takwas wanda ya ƙera da hannunsa, ya ƙi karɓar ko sisi. A ranar na gane cewa kushen da yake yi ba ƙiyayya ba ce. Mutumin da ya damu har ya ƙirga maka ƙafafu, shi ne zai hana idonsa barci don ya cika maka su. Matar Baba ta ɗinka ƙananan buhuna muka cika da riɗi, na ba su labarin yadda dogo ya isa Kano a 1911 da yadda dalar gyaɗa ta biyo baya. Daga nan duk wanda ya zo lambun sai ya nemi a fito da jirgin gyaɗa.

Yanzu abubuwa sun sauya. Aristo-Craft ya rufe a ƙarshen 2013. Sababbin jirage suna zuwa da ƙara da hayaƙi da fitilu a shirye, kyansu ya wuce duk abin da muka taɓa mafarki, tsadarsu ma haka. Cikinsu cike yake da wayoyi da na'urori, mai shi yana tsoron kwance noti ɗaya kada garanti ya tashi. Da yawa ma ba sa taka dogo, a kwali ake adana su don darajarsu kada ta faɗi. Hotunan sababbin kaya kan bazu a intanet tun kafin a buɗe baje koli, kowa ya yi ƙorafinsa shi kaɗai a gaban waya, ba wanda zai zo maka da gindin tagulla bayan mako uku. Dattawan ɗakin ƙasa kuwa yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Jirgin gyaɗa yana nan tare da ni a Kaduna. Ƙurar hunturu ta raba gardamar batir da wuta a mako guda, masu batir suka yi nasara. Yaran unguwa sukan zo kallo, kuma tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016 suke matsa mini in yi musu irin wannan jirgin. Na gwada haɗa kansa da kwali da roba, wani ɗan maƙwabcina ya kalle shi sheƙeƙe ya ce, "Kawu, ai hancinsa ba haka yake ba, kuma ya fi na gyaɗa faɗi." Yaron bai san cewa sabon layin milimita 1435 ne ba, amma idonsa ya riga ya sani. Na ce ya je ya zano mini hancin yadda yake, ranar Asabar ya zo da wuri, akwai magagari biyu a akwatin.