Daga Tsafe zuwa Bungudu: wa zai riƙe ƙungiyar Gusau?

Direbobin tashar Funtuwa ba sa son yamma ta riske su a hanyar Gusau, don haka da hantsi muka kama hanya. Zumunci ne ya kai ni Zamfara, ɗaurin auren ɗan wani aminina a Bungudu, amma na tafi da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini rai. Kano ta riƙe Pillars tun 1990, Katsina ta tayar da tata ƙungiyar, to me ya sa Gusau, wadda manyan ƙungiyoyin ƙasar nan suka sha zuwa buga wasa a filinta, aka daina jin ɗuriyarta a babbar gasa? Mutane da yawa a Kano amsa ɗaya suke ba ni: garin bai kai ba. Ban taɓa gamsuwa da wannan amsa ba.

Da muka wuce Sheme muka bar Yankara a baya, hira ta mutu a cikin mota. Daga Wanzamai zuwa Kucheri kowa idonsa na kan daji, wata dattijuwa a bayana tana ta jan carbi. Shingayen jami'an tsaro sun yawaita, kuma babu wanda ya yi ƙorafin tsayawa. Duk mai bin wannan hanya ya san labarin waɗanda 'yan bindiga suka tare a kanta. Ni kuwa tunanina ya tafi kan motar 'yan wasa. Gasar Firimiya ta Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, wato duk garin da ke cikinta sai baƙi 19 sun zo masa a kaka ɗaya, da alƙalan wasa da jami'ai da 'yan jarida. Mafi yawan masu zuwa Gusau daga kudu da gabas ta nan za su bi.

Na sauka a Tsafe don in yi sallar azahar in ɗan ci abinci. Ranar Asabar ce. Kusa da mai shayin da na zauna akwai gidan kallon ƙwallo, rumfar kwano da labulen buhu, an jingina allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli: Arsenal, Chelsea, Barcelona, Real Madrid. Tun kafin a tayar da janareto samari sun yi layi, kowa da kuɗinsa a hannu. Na gaisa da mai gidan, matashi mai fara'a, na tambaye shi ko kasuwa na tafiya.

"Alhamdu lillahi, Malam," in ji shi. "Ranar da manya ka wasa, sai na mai da mutane don wuri ya cika. Ko lokacin da anka katse waya, anka hana sai da mai a jarka, yara ba su daina zuwa tambaya ba."

Yana nufin watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar, aka dakatar da kasuwannin mako saboda yaƙi da 'yan bindiga. Na tambaye shi ko a cikin masu layin nan akwai wanda zai iya kiran sunan ɗan wasa ɗaya na ƙungiyar jiharsa. Ya yi shiru, sannan ya ce mai yiwuwa a samu, amma ba da yawa ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Kuɗin da talakan Tsafe yake kashewa kan ƙwallo duk mako ba ƙarami ba ne in an tara shi, kuma da yardar ransa yake bayarwa. Sai dai daga mai gidan kallo kuɗin yake wucewa gidan mai da kamfanin tauraron ɗan'adam. Ko kwabo ba ya isa ga yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar da ke bayan rumfar.

Daga Tsafe zuwa Gusau tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Dutsen Kwatarkwashi ya bayyana, baƙi ƙirin, ya daɗe yana rakiyar mota kafin mu shiga gari ta Damba.

Gusau ba ƙauye ba ce, kuma ba jiya ta fara ganin arziki ba. Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa ta a zamanin jihadi, jirgin ƙasa ya iso ta a ƙarshen shekarun 1920 a kan layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda, auduga da gyaɗa suka jawo kamfanonin Turawa da 'yan kasuwa daga kudu, Sabon Gari ya cika. Daga baya aka yi masaƙa da kamfanin matsar mai. A ranar 1 ga Oktoban 1996 ta zama babban birnin sabuwar jiha. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum sama da 380,000, Tsafe da Bungudu kowacce sama da 250,000. In ka haɗa ukun, tun a wancan lokaci sun haura 900,000, kuma dukansu suna kan titi ɗaya. Yau ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, ga kwalejin ilimi, ga dubban ɗalibai. Mai cewa babu mutanen da za su cika filin wasa a nan bai zaga Tudun Wada da yamma ba.

Na je unguwar da filin wasa na tunawa da Sardauna yake, gidan Zamfara United. Wani dattijo mai facin taya a kusa ya ba ni benci, muka taɓa hira. Ya ce a shekarun da ƙungiyar take babbar gasa, ranar da Pillars ko Enyimba za su zo, tun azahar hanya take cushewa, masu rake da masu ruwan sanyi da 'yan acaɓa kowa ya samu.

"Ɗana, har daga Ƙaura da Mafara mutane ka zowa," ya ce. "A tashi wasa gab da magariba, kowa ya hau mota ya koma gida lafiya lau. Yanzu wa za ya yi haka?"

A nan ya ba ni abin da na zo nema, ko da yake shi hira kawai yake yi. Wasan gasar Najeriya yawanci da ƙarfe huɗu na yamma ake farawa, a tashi wajen shida. Mutumin Tsafe ko na Maru da ya zo kallo, dare ne zai same shi a hanya. Matsakaicin gari ba da mutanen cikinsa kaɗai yake cika fili ba, da na garuruwan da ke kewaye da shi ne. Rashin tsaro ya yanke wa Gusau waɗannan garuruwa. Ƙungiyar ta faɗo daga babbar gasa a 2011, daidai shekarun da satar shanu da hare-hare suka fara tsananta a dazukan jihar, kuma ba ta koma ba. Ba na cewa 'yan bindiga ne suka fitar da ita, ƙwallo a fili ake cinta a fili ake rasa ta. Amma hawa bayan faɗuwa yana son kwanciyar hankalin da jihar ba ta samu ba tun daga lokacin.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mai ɗaci. Wasa 19 na waje yana nufin tafiya Aba, Uyo, Fatakwal, Ibadan, wasunsu kwana biyu a mota, da 'yan wasa da masu horarwa da likita, ga masauki ga abinci ga man fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a 2023. Ga albashi duk wata, ko an ci ko an sha kashi. Babu ƙungiyar da kuɗin ƙofa kaɗai zai ɗauke mata wannan a Najeriya, har da Pillars mai cika fili. Shi ya sa mafi yawan ƙungiyoyin gasar na gwamnatocin jihohi ne, kuma shi ya sa rayuwarsu take bin ra'ayin wanda ke kan kujera. In mai son ƙwallo ne a sayo 'yan wasa, in ya sauka a shiga bin bashin albashi. A jiha irin Zamfara, mai ƙarancin kuɗin shiga na cikin gida, ga 'yan gudun hijira ga makarantu ga asibitoci, ban ga laifin duk gwamnan da ya sa ƙwallo a ƙarshen lissafi ba. Laifin na tsarin ne da ya ɗora wa baitulmali ɗaukacin nauyin.

Da can akwai wata hanya. Gboko a jihar Binuwai ba babban birnin jiha ba ce, amma BCC Lions ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashe a 1990, ta ci gasar Najeriya a 1994, saboda kamfanin siminti na garin ne ke riƙe da ita. Da kamfanin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ƙungiyar ta bi shi. Na tuna da wannan da muka wuce ta gaban tsohuwar masaƙar Gusau. Ma'aikacin da ke karɓar albashi ƙarshen wata shi ne mai sayen tikiti, kamfaninsa kuma shi ne mai sa suna a rigar 'yan wasa. Gusau ta rasa su biyun a lokaci guda.

Washegari na wuce Bungudu, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a hanyar Sakkwato. Aka ɗaura aure, aka ci tuwo, aka yi addu'a. Da la'asar wani ƙanin ango ya ja ni filin wata makaranta inda ake buga wasan kusa da na ƙarshe na kofin unguwanni. Babu kujera ko ɗaya, amma mutane sun yi da'ira sahu-sahu, yara a kan katanga, wasu a kan bishiya. Wani ɗan kasuwa ne ya sa kofin, 'yan wasa suka yi karo-karo suka sayi riguna. Akwai wani siririn yaro mai buga gefen hagu da ya hana masu tsaron baya sakat. Aka ce mini iyayensa daga wani ƙauye suka taso bayan an kai musu hari, yanzu a gidan dangi suke zaune. Na tsaya ina kallonsa har aka tashi, zuciyata cike da murna da baƙin ciki a haɗe, don na san in ba a yi wani abu ba, iyakarsa ke nan. Ahmed Musa da Shehu Abdullahi, mutumin Sakkwato, sun samu Pillars ta nuna su ga duniya. Wannan yaro wa zai nuna shi?

Da dare muna zaune a ƙofar gida, wani kawun ango, tsohon mai sha'awar dambe, ya saurari duk bayanina sannan ya ce:

"Malam, ku 'yan boko kun cika son abu babba. Gidan dambe wace gwamnati ka biyan shi? Mai gida ya kewaye wuri, a biya a ƙofa, a sallami 'yan dambe da makaɗa, gobe a dawo. Tun zamanin Shago haka a kai."

Na ce masa, Baba, dambe ba ya bukatar mota zuwa Uyo. Ya amsa cewa to a fara da inda mota za ta iya zuwa. Na kwana ina juya maganarsa. Gidan dambe yana rayuwa ne don an san mai shi, an san inda kuɗin ƙofa yake shiga, kuma ɗan kallo ya san ɗan damben da yake wa kirari nasa ne. Waɗannan ukun su ne ƙungiyoyin gwamnati suka rasa.

Ƙanƙantar gari ba ta hana. Ikenne a jihar Ogun ba ta kama ƙafar Gusau ba, amma Remo Stars ta ci gasar Najeriya a 2025, da filinta da makarantar renon yara da take sayar da 'yan wasa zuwa waje. A Sifaniya, Villarreal gari ne mai mutum kusan 50,000, ya ci kofin Europa a 2021 lokacin Samuel Chukwueze yana can, kuma masana'antar tayil ta yankin ce ƙashin bayansa. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Villarreal tana samun kuɗin talabijin da babu irinsa a nan, mai Remo Stars kuwa, Kunle Soname, da harkar cacar wasanni aka san shi. Zamfara, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, ba za ta sa sunan kamfanin caca ko na giya a rigar 'ya'yanta ba, kuma ina ganin daidai ne. Ma'anarsa dai sai an nemi masu ɗaukar nauyi a wani wuri: dillalan hatsi da auduga, masu taki, masu gidajen mai, kamfanonin waya, bankuna. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne El-Kanemi Warriors. Rikicin Boko Haram ya raba ta da Maiduguri na wani lokaci, ta riƙa karɓar baƙinta a wasu garuruwa, amma ba a bari ta mutu ba, ta koma gida, kuma a 2024 ta ci kofin ƙalubale na ƙasa.

Na baro Bungudu da safe, na sake bi ta Gusau da Tsafe, da ra'ayin da ya zauna mini. Gusau za ta iya riƙe ƙungiyar ƙwararru, amma ba irin wadda ake sayo mata 'yan wasa da kuɗin gwamnati don a yi suna kaka ɗaya ba. Wadda za ta ɗore ita ce mai ƙaramin kasafi, mai zama a rukuni na biyu ba tare da jin kunya ba har ƙafarta ta yi ƙarfi, mai tsamo yara daga kofunan unguwanni na ƙananan hukumomi 14, ta rene su, ta sayar da biyu ko uku a shekara ta biya sauran. A riƙa buga wasanninta da wuri yadda na Tsafe zai isa gida da rana. A sayar wa jama'a hannun jari, ko na naira kaɗan ne, a riƙa karanta musu lissafi a fili duk ƙarshen kaka. Gwamnati ta tsaya kan abin da ita kaɗai ke iyawa, wato tsaron hanya da kula da filin wasa.

Attajiran Gusau da na Ƙaura da na Mafara, da 'yan Zamfara mazauna Kano da Abuja da Legas, ku ne wannan magana ta fi shafa. Kuna sa kofi a unguwanni lokacin sallah, Allah ya saka da alheri. Ku haɗa wannan kuɗin wuri ɗaya, ku nemi amintattu su riƙe shi, ku fara da yaran da ke filin makarantar Bungudu.