Layi Uku a Kan Makin da Bai Kai Ba

Wannan makon alƙalami ya faɗo hannunmu, kuma mun ga ya dace mu ba ku labarin rubutun da ya fi ba mu wahala tun da muka fara riƙe biro. Layi uku ne kacal, amma sai da suka ci mana mako biyu.

Bayan mun kammala HND a fannin aikin jarida, mun kuma gama bautar ƙasa, sai burin yin digiri na biyu a Amurka ya shiga ranmu. Duk wanda ya fito daga foliteknik ya san irin kallon da ake yi wa takardarsa ko a nan gida, inda yawanci sai ya bi ta PGD kafin a ba shi gurbin digiri na biyu. A Amurka kowace jami'a da nata hukuncin, wasu ma sai an aika takardun ga hukuma irin WES ta auna su da ma'aunin can. Shi ya sa muka ɗora dukkan fatanmu a kan jarrabawar GRE. Lissafinmu shi ne, idan makin ya yi kyau, zai rufe bakin mai shakkar difiloma.

Ga waɗanda ba su san ta ba, hukumar ETS ce ke shirya GRE, kuma kashi uku ce: fahimtar Turanci, lissafi, da rubutun tsokaci. Biyun farko ana ba da maki daga 130 zuwa 170, rubutu kuwa daga 0 zuwa 6. Tun watan Satumban 2023 aka rage tsawonta, yanzu ba ta cika awa biyu ba. Kuɗinta ya haura dala 200, kuma Yayanmu ne ya biya da kwasar adashin da ya yi niyyar gyara rufin ɗakinsa da ita.

Muka shiga mota zuwa Abuja, muka zauna gaban kwamfuta. Makin Turanci da na lissafi a nan take suke bayyana a kan allo, kafin mutum ya tashi daga kujera. Turanci 147, lissafi 141. Daga baya na rubutu ya iso, 4. A hanyar dawowa Yaya ya kira, muka ce masa sakamako bai fito ba tukuna.

Sai maganar takardar bayanin kai, wadda mai neman gurbi ke faɗa wa kwamitin ɗaukar ɗalibai ko shi wane ne da abin da yake son karantawa. Muka ce ai nan ne fagenmu. Muka cika shafi ɗaya da rabi da koke: rashin wutar lantarki, tsadar data, yajin aikin malamai, Turanci ba harshen uwa ba. Wani aboki ya ce mu ƙara da cewa zazzaɓi ya kama mu ranar jarrabawa, wa zai bincika? Muka ƙara.

A zaman karatu na wata-wata na ƙungiyarmu muka miƙa wa wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya, wanda ya daɗe yana gyara mana rubutu. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Wannan takardar neman karatu ce ko ta neman zakka?"

"Ta karatu ce, Malam."

"To ina karatun? Na ga wuta, na ga data, na ga zazzaɓi. Da gaske ka yi zazzaɓin?"

Muka sunkuyar da kai.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, ɗana. Kuma idan matashi ya kawo maka labari, jaruminsa ya shafe babi guda yana kuka bai yi komai ba, me za ka ce masa?"

"Za mu ce ya rage, ranka ya daɗe."

"To rage. Layi uku na ba ka."

Kafin mu rubuta layukan nan sai da muka koma muka karanta sharuɗɗan kowace jami'a a tsanake, abin da ya kamata mu yi tun kafin mu taɓa kuɗin Yaya. Tun daga 2020, lokacin annobar korona, sassa da dama a jami'o'in Amurka sun daina neman GRE, wasu kuma sun mayar da ita zaɓi. Cikin wurare huɗu da muka nufa, biyu ba su wajabta ta ba. A waɗannan ba mu aika makin ba, ba mu kuma ambace shi ba. Babu ha'inci a ciki, tunda su da kansu suka ba da zaɓin.

Sauran biyun sun wajabta. Akwai hanyar sake jarrabawa: ana iya komawa bayan kwana 21, har sau biyar cikin wata 12, makin yana aiki tsawon shekara biyar, kuma mutum ke zaɓar sakamakon zaman da zai aika. Wanda yake da hali da lokaci, wannan ce shawarar farko da za mu ba shi. Mu dai ba mu da fuskar sake komawa wajen Yaya. Saura bayani, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tunda lambar tana gabansu.

Ga ma'anar abin da muka rubuta, bayan gyara kusan goma: "Makina na lissafi a GRE bai kai yadda nake so ba, kuma na san kwamiti zai lura da shi. A HND na ci darasin dabarun bincike da maki mai kyau, kuma aikina na kammalawa na gina shi ne a kan takardun tambayoyi da na raba, na tattara, na lissafa da kaina. Ina roƙon a duba waɗannan tare da samfurin rubutuna."

Ku lura da abin da ke ciki. Layin farko ya amsa laifin bai ɗora wa kowa ba. Na biyu ya kawo hujjar da za su iya tabbatarwa a takardar sakamakon karatunmu. Na uku ya nuna musu inda za su duba. Ba mu sa shi a farkon takardar ba, domin abin da ka buɗe da shi, shi mai karatu zai riƙe. Jami'a ɗaya tana da gurbin ƙarin bayani a fom ɗinta, can muka ajiye shi. A ɗayar muka sa shi dab da ƙarshe. Shafin da koke ya cinye muka mayar wa abin da ya kai mu: muna son nazarin yadda shirye-shiryen rediyon Hausa ke isar da saƙon lafiya ga matan karkara. Muka kuma roƙi malamin da ya duba aikinmu na kammalawa ya yi magana a kan wannan a wasiƙarsa ta shaida, domin yabon da wani ya yi maka ya fi wanda ka yi wa kanka nauyi. Masu wannan buri su sani akwai ofishin EducationUSA a Abuja da Legas da ke ba ɗalibai shawara. Da mun fara da can, da mun rage asara.

Zuwa yau jami'a ɗaya ta amsa, ta ce ba ta ɗauke mu ba. Uku muna jira, kuma ba mu da tabbacin komai.

Abin da muka tabbatar shi ne, daren da muka aika takarda ta ƙarshe muka samu Yaya a ƙofar gida. Muka faɗa masa makin, muka faɗa masa cewa tun ranar farko mun san shi, muka faɗa masa abin da muka yi a kai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kuɗin ba su dame ni ba. Da ka faɗa mini tun a mota, da ka huta."

'Yan'uwa, a cikinku wa ke da wata lamba ko wani giɓi a takardunsa da yake ta lulluɓewa da dogon Turanci? Ku gwada shi a layi uku, ku kawo mu gyara tare. Allah Ya sa mu dace, Ya ba masu jira sakamako na alheri.