Daura Ba Kogi, Amma Ta Ruwa Wasiƙarta Ta Zo

Duk wanda ya shigo Daura, Kusugu ake fara kai shi, ya ja guga, ya ji labarin Bayajidda, daga nan sai ƙofar fada. Ba mai tambayar gidan waya. Ni kuwa in na taso daga aikin dare na bi titin da ya miƙe zuwa Kwangwalam, hanyar Damagaram, nakan tuna irin wuyar da takarda ke sha kafin ta iso nan a zamanin kakanninmu.

Daura ba ta da kogin da jirgi zai bi, amma wasiƙar da ta taso daga Ingila sai ta sha ruwa. Tun 1852 jiragen tururi ke ɗauko wasiƙu daga Ingila zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. A kogin Kwara kuwa jiragen Royal Niger Company ne, kamfanin da ya riƙe kogin daga 1886 zuwa ƙarshen 1899. A wasu ƙasashen masu jirgi kan buga kan sarkinsu na kansu, kamar na jirgin Lady McLeod a tsibirin Tirinidad a 1847, wanda yau masu tara irinsa ke zuba masa kuɗi kamar hauka. Kamfanin Kwara bai yi haka ba. Na Ingila ake mannawa, sai ya danna hatiminsa a Akasa, Burutu ko Lakwaja.

Abin da ke ba ni dariya, mu ƙasar Daurama, shi ne na farkon da aka buga wa Arewa a 1900 kan sarauniya ne, Biktoriya. Na ɗanta Edwad sai 1902, amma sunan namijin ne ya bi mu.

Jirgi na sauke jaka, sauran aikin na ƙafa ne da doki. Ko da reluwe ya iso Kano a 1911, daga can zuwa Daura sai masinja.

'Yan uwa mata, mu ne masu kwalema. Ambulan nawa muka hura wuta da shi, ko muka bar wa gara a ƙasan adakar tsohuwa? Kafin ki share ɗakin kaka bana, buɗe ki duba. In kin samu, kar ki ɓamɓare kan sarkin, domin hatimin da ke kansa shi ke ɗauke da sunan gari da kwanan wata. Ki sa shi cikin littafi, nesa da damshi.