Kare Ma Amana Ne

A unguwarmu ta bayan garin Zariya, da wuya ka wuce gida biyar ba ka ji haushin kare ba. Yawancinsu don gadi aka ajiye su, kuma ana ɗaukarsu kamar kwaɗon ƙofa, a sa a manta. Har akwai masu cewa kada a bar kare ya ƙoshi, wai in ya ƙoshi barci zai yi. Na daɗe ina kiwon kare saboda awakina da ɗan lambun da ke bayan gida, kuma ban taɓa ganin gaskiyar wannan magana ba. Kare mai yunwa yawon bola yake tafiya, ya bar gidan a buɗe. Wanda ya ci ya sha shi ke kwana a bakin garke.

Karena Duna na samo shi yana ɗan kwikwiyo a wurin wani tsohon mafarauci, abokin mahaifina. Da zai miƙo mini shi ya ce, "Ɗana, wannan ba zai taɓa ce maka cikina na ciwo ba. Kai za ka gani." Duk abin da na koya daga baya, bayanin wannan magana ne.

Na san masu ƙyamar kare saboda addini, kuma ba na raina damuwarsu. Amma shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne. Duna yana da wurinsa can nesa da inda ake salla da inda ake girki, yana da kwanonsa da ba ya haɗuwa da na kowa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hadisai biyu da Buhari da Muslim suka ruwaito. Ɗaya na mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishi, ya koma cikin rijiya ya ciko takalminsa da ruwa ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Ɗayan na matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, har ta mutu, aka yi mata azaba a kan haka. Duk lokacin da na ɗaura wa Duna igiya, hadisi na biyun nake tunawa. Dabbar da ka ɗaure, cinta da shanta da inuwarta sun dawo wuyanka.

Inuwar ma aiki ce. A bazara, wajen Maris da Afrilu, wurin da ke da inuwa da hantsi yakan zama tsakiyar rana da azahar. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa za ka ga ya zaro harshe. In zafin ya fi ƙarfin hakin, yana iya mutuwa a cikin yini guda. Na kafa masa rumfar zana a gindin mangwaro, ruwansa kuma a kaskon ƙasa nake zubawa, don kwanon ƙarfe kafin la'asar ruwan cikinsa ya yi ɗumi.

Kowace safiya, kafin in sake awaki, nakan tsuguna in duba shi. Ina fara da kwano, ya cinye ko ya rage. In duba kashinsa, ko da jini ko tsutsa. In ɗaga leɓensa in ga dasashi: in jajaye ne lafiya lau, in sun yi fari akwai abin da ke shan jininsa. Daga nan sai kunne. Da damina kaska takan yi layi a cikin lanƙwasar kunne da tsakanin yatsu, wata ta kumbura ta yi kamar za ta fashe. Nakan kama ta daf da fata in ja a hankali don kada kanta ya karye a ciki, in jefa a gwangwanin kananzir. Duna yakan kwantar da kai a gwiwata har in gama. Kaska ba jini kawai take sha ba, tana sa wa kare zazzaɓin da ke cinye jini. Wannan dubawar ba ta kai minti biyar, amma da ita na san yadda yake in yana lafiya, don haka ranar da ya ƙi tasowa tarbata na gane da wuri, na kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru kafin abin ya yi nisa.

A nan ina roƙon masu kare da babbar murya, su daina yi musu magani da ka. Na ga an shafa wa kare baƙin mai don ƙazuwa, na ga an fesa masa fiya-fiya don kaska. Kare yana lasar jikinsa, duk abin da ka shafa masa cikinsa zai je. Maganin ciwon jiki na mutane yana iya lalata masa ƙoda ko hanta. Abinci ma haka: albasa mai yawa tana kashe masa ƙwayoyin jini, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Ragowar tuwo kaɗai ba ta riƙe shi, nakan haɗa masa da kan kifi ko kayan ciki daga wurin mahauta, a dafa.

Hakkin da ya fi nauyi kuwa na maƙwabta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta cizon kare suke kamuwa. Da zarar alamun sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, da kyar ake tsira. Abin baƙin ciki, rigakafin yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 a Faransa. A ƙasar nan ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. An yi wa Duna tasa yana wata uku, ana kuma maimaitawa duk shekara, katin yana cikin akwatin da nake ajiye takardun gida.

Akwai ranar da wani baƙon kare ya ciji ɗan maƙwabcina a ƙauri. Kafin in isa mata sun taru, wata na cewa a sa toka, wata na cewa a ɗaure da tsumma. Na ce wa mahaifiyarsa, "Hajiya, a kawo sabulu da buta." Muka yi ta wanke wurin da ruwa mai gudu har minti 15 ta cika a agogo, yaron yana kuka, sannan muka wuce asibiti aka fara masa allura a ranar. Karen ya ɓace, ba a sake ganinsa ba. Da na gida ne, da an tsare shi kwana 10 ana kallo, domin in ya wuce haka lafiya, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizon. Tun daga ranar gidaje da dama a layinmu suka fara tambayata inda ake allurar.

Duka ba ya gyara kare. Wanda aka saba duka, ko aka bar yara suna jifa, ko aka ɗaure dare da rana, shi ke zama mai cizo. Mafarauta sun san haka tun da daɗewa: da suna suke kiran karnukansu, kuma in an yi sa'a kare yana da rabonsa a naman. Da yamma nakan fita da Duna a igiya mu zaga bakin gonaki, in mun haɗu da yara ko masu zuwa masallaci in janye shi gefe. Wanda ba ya son kare yana da hakkin ya wuce hanya hankalinsa kwance.

Yanzu bakin Duna ya yi furfura, haƙora sun ragu, ba ya jin motsin dare kamar da. Wani ya ce mini in kai shi daji in sake, in samo sabo. Sabon na samo, shi ke gadin garke. Duna kuwa ina jiƙa masa abinci ya yi laushi, na shimfiɗa masa buhu biyu saboda sanyin hunturu da ke taɓa masa gaɓoɓi. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, likitocin dabbobi sukan fito yin allura, su biyun zan kai, tare da duk karen maƙwabcin da mai shi ya yarda.