Ba Kowace Tsohuwar Mota Ce Akwala Ba

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu wadda abokan aikinmu malaman makaranta suka daɗe suna yi mana tsiya a kanta, wato tsayawa kallon tsofaffin motoci. Duk inda muka hangi tsohuwar Peugeot, wadda Bahaushe ke kira Fijo, ko a tasha ne ko a bakin kasuwar ƙauye, sai mun rage tafiya mun ƙare mata kallo, in hali ya yi ma mu gaisa da mai ita. Su kan ce da mu, wai me ke abin kallo a jikin akwala? Amsar wannan tambaya ce muke so mu bayar a nan, domin a ganinmu ba kowace tsohuwar mota ce akwala ba.

Da farko dai, ya mai karatu, sai an iya rabe mota da mota kafin a san darajarta. Fijo 404, wadda ta fito a Faransa a 1960, fitilunta na gaba zagayayyu ne, bayanta kuma yana da tsini biyu a tsaye kamar ƙananan fukafukai, sannan sandar giyarta a jikin sitiyari take. Ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, ba ta ɓuya: fitilunta masu kusurwa huɗu ne da suka ɗan karkace kamar idon mai harara, but ɗinta kuma ya miƙe sai ya karye ya sunkuya ƙasa. Wani kamfanin zane na Italiya, Pininfarina, shi ya tsara surar su biyun. Ita kuwa Volkswagen Beetle, mai doro kamar kunkuru, kunne ne ke riga ido ganinta, saboda ƙararta daban ce. Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, don haka ba ta da lagireto balle a ce ruwa ya tafasa. In ka buɗe gabanta kana neman inji, sai ka tarar da wurin ajiye kaya. Marsandi kuma ta samfurin 1976, ana gane ta da tauraron da ke tsaye bisa hancinta, da fitilun baya masu gurbi-gurbi, waɗanda aka yi su haka don kada laka ta rufe haskensu gaba ɗaya.

To, mene ne ya sa 504 ta zama tamkar 'yar gida a wannan ƙasa tamu? Dalilin yana ƙarƙashinta. Ƙafafun baya ne ke tura ta, sandar da ke kai musu ƙarfin inji kuwa a lulluɓe take cikin bututun ƙarfe, ga tsayi daga ƙasa, ga sifirin mai laushi da ke shanye gargada. Injinta ba shi da kwamfuta, kafireta ce da fulogi, abin da bakanike mai sifana da sukundireba zai warware a gindin bishiya. Ba a banza ba ta zama gwarzuwar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, tseren da yayarta 404 ta ci sau huɗu tsakanin 1963 da 1968. Motar da ta iya da taɓon Kenya, hanyar ƙauyenmu ba za ta gagare ta ba.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ba ƙarfe ba ne, tarihi ne. A 1975 kamfanin Peugeot na Nijeriya ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, a shekarar da Volkswagen ma ya fara nasa a Legas. A wancan zamani a Bauchi akwai Steyr, a Kano kuma akwai masu harhaɗa manyan motocin Fiat. Bayan rasuwar Janar Murtala a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. An daina ƙera salun ɗinta a Turai a 1983, amma a Kaduna aka ci gaba da fitar da ita sabuwa fil har fiye da shekara 20 bayan nan. Mu da muka yi wayo a shekarun 1980, a cikinta muka ga an kai amare, a cikin doguwarta mai layin kujeru uku muka fara zuwa makarantar kwana, akori-kurarta kuma ita ta kwaso hatsin da muka ci. A wancan lokaci ma'aikaci kan sami rancen mota, har ka ga malamin makaranta ya ajiye Beetle ɗinsa a inuwar darbejiya. Daga 1986, da darajar naira ta soma zubewa, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika titi.

Mun sha gwada ɗalibanmu a aji. Za su lissafa maka motocin Japan da Jamus ɗaya bayan ɗaya, har da laƙabin da samari suka sa wa kowace, amma in ka ce musu an taɓa fitar da sababbin motoci daga Kakuri da hannun iyayensu, sai su dube ka kamar mai ba da tatsuniya. Ba laifinsu ba ne. Yaron da bai ga shaida ba, da me zai gaskata? Kuma yaron da bai san an taɓa yi ba, da wuya ya yi tunanin za a sake yi. Shi ya sa duk 504 da ta wuce ta ƙofar makaranta, a wurinmu darasi ne ke tafiya da ƙafa huɗu.

A ƙasashen Turai akwai ƙungiyar masu adana tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ta ce motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara 30, aka kiyaye ta bisa kamanninta na asali, kuma ba a zirga-zirgar yau da kullum da ita. Wannan sharaɗi na ƙarshe kan ba mu dariya. Can tsohuwar mota hajiya ce da ake goge wa jiki a fito da ita ranar biki. Nan kuwa dattijuwa ce da har yanzu take surfe: an ɗora mata buhunan albasa, an ɗaure but da igiya, ƙofa sai da waya take rufuwa, amma tana tafe. Mu dai mun fi ganin girman tamu, sai dai kuma wahalar da ke ba ta girman ita ce ke cinye ta.

A nan ne damuwarmu take. Duk wadda ta kwanta a gareji ko a bayan wata ma'aikata, awaki na kwana a ƙarƙashinta, 'yan gwangwan na nan tafe. Su ba su san 404 ba, ba su san 504 ba, kilo suka sani. A yini ɗaya za a sa mata wuta da guduma, ƙarfen ya tafi kamfanin narka, alminiyon ya koma tukwane. Ba mu ga laifinsu ba, neman halaliyarsu suke yi, kuma mai motar ma yana da iyali. Amma wuraren da a da muke ƙirga 404 da yatsun hannu biyu, yau mu kan yi wata da watanni ba mu ga ko ɗaya ba. Tsofaffin kanikawan da ke sa kunne su gaya maka ciwon inji su ma suna ta tafiya, da iliminsu a ka.

Ba mu ce kowa ya sayi tsohuwar mota ya ajiye ba, albashin malami bai kai nan ba. Amma Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana nan a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, kuma duk wanda ya tsaya gabanta ya ga hudar harsasai, ya fahimci abin da shafi goma na littafi ba zai fahimtar da shi ba. In an adana motar baƙin ciki, me zai hana a adana ta alfahari? Gidajen tarihinmu na Kano da Kaduna, da kwalejojin fasaha, kowanne zai iya samun 504 ɗaya ƙirar Kakuri, da 404 ɗaya, da Beetle ɗaya, a gyara a killace, yara su zo su taɓa da hannunsu. Masu hali da ke da irinsu a rufe cikin gida, su daure kada magada su sayar a kilo.

Kai kuma mai karatu, naka mai sauƙi ne. In ka haɗu da irin wannan mota, tsaya ka dubi fitilarta, ka gane wace ce. Ka yi wa direban sallama, ka ce, "Baba, tun yaushe kuke tare?" Za ka sha labari. Ka ɗauki hotonta da wayarka, ka rubuta abin da ya gaya maka, domin Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa mu farga kafin guduma ta riga mu, amin.